Sayar Da Gida: Abin Da Mai Saye Ke Dubawa Kafin Ya Taya

Duk wanda ke yawo cikin unguwannin Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ba zai rasa cin karo da rubutu iri biyu a jikin katangu ba. Na farko shi ne mai cewa gida ko fili na sayarwa ne, da lambar salula a ƙarƙashinsa, wani lokaci da fenti, wani lokaci da gawayi. Na biyu kuwa, wanda ya fi ɗaure kai, shi ne mai cewa wannan wuri ba na sayarwa ba ne. Mutum ya sayi fenti da kuɗinsa, ya ɗauko mai rubutu, don kawai ya shaida wa duniya cewa ba ya sayar da abinsa. Dalili kuwa sananne ne. An sha sayar da gidan mutum yana can bai sani ba, an sha sayar da fili guda ga mutum biyu ko uku, an kuma sha ganin wanda ya biya kuɗinsa cif, ya kwaso iyalinsa, sai ga wani ya ɓullo da takarda yana cewa shi ma yana da gado a ciki.

Wannan rubutu na biyu shi ne ya kamata mai niyyar sayar da gida ya tsaya ya karanta da kyau, domin a cikinsa tsoron mai saye yake. Wanda zai fitar da miliyoyin da ya yi shekaru yana tarawa, ko ya ci bashin banki, abin da yake nema tun kafin kyan gida shi ne kwanciyar hankali: kada a kai shi gaban alƙali, kada ruwan Agusta ya fitar da shi da tsakar dare, kada kuma ya gano bayan wata uku cewa an rufe masa wani aibi da farar ƙasa. Amma galibin masu sayarwa a ƙasarmu daga wajen mai fenti suke farawa, wasu ma ba su yin komi, sai dai su kira dillali a asirce su ce a nemo musu mai kuɗi kafin Juma'a.

Asirin nan kuwa yana da tushe. A al'adarmu sayar da gida abu ne da ake jin nauyinsa, musamman gidan da aka haifi mutum a ciki. Mai gida yana gudun a ce ya karye, magada kuma suna gudun a ce sun watsa gidan ubansu tun kabarinsa bai bushe ba. Saboda haka sai a yi ta jinkiri har buƙata ta matso, ko bashi, ko jinya, ko jarin da ya narke, ko canjin wurin aiki, sa'an nan a fito kasuwa a gurguje. Masu saye kuwa da zarar sun ga alamar gaggawa sai su karya taya. Gidan da aka yi wata biyu ko uku ana shirya shi, da wanda aka fitar cikin mako guda, da wuya su zama kuɗi ɗaya, ko da a layi ɗaya suke, magini ɗaya ya gina su.

Takarda kafin fenti

Na ga wannan da idona a gidan wani kawuna a Maraɗi. Bayan Allah ya yi masa rasuwa, ƴaƴansa maza suka yanke shawarar sayar da gidan a raba kuɗin, tunda kowa ya riga ya yi nasa wurin. Suka haɗa kuɗi aka shafe gida ciki da waje, aka sake ƙyaure, har da sabon kwan lantarki a zaure. Gida ya fito kamar na amarya. Mai saye na farko, wani ɗan kasuwa, ya zagaya ya yaba, ya taya da daraja, sa'an nan ya ce a nuna masa takarda. Da aka buɗe adakar marigayi sai aka tarar takardar filin tana ɗauke da sunan wanda ya sayar wa kawu wurin wajen shekara talatin da suka wuce, ba a taɓa juya ta ba, shaidar cinikin kuwa wata ƴar takarda ce ta ajami mai shaidu biyu, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Ana cikin wannan sai ga saƙo daga ƙanwarsu da ke aure a Katsina, tana cewa ita ba wanda ya shawarce ta. Ɗan kasuwa ya ce zai dawo, har yau bai dawo ba. Gidan ya ƙara damana biyu a rufe, fenti ya koɗe, gara ta shiga azara, daga ƙarshe aka sayar da shi ƙasa da tayin farko.

A cikin birane, takardar da mafi yawan mutane ke riƙe da ita ita ce wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye, wadda aka fi sani da sunanta na Faransanci, akt-da-sesiyon. A kanta ake samun sunan lotisma, da lambar rukunin filayen, da alamar karen, da faɗinsa, ko murabba'in mita 300 ne, ko 400, ko 600. Sama da ita akwai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin da ake rubutawa cikin babban littafin filaye na gwamnati, wadda ita ce banki ya fi yarda da ita a matsayin jingina. Tun shekara ta 2006 hukuma ta shigo da hanya mai sauƙi ta samun wannan takarda, aka kuma raɗa mata suna na Hausa, Sheda. Gida mai titir yana jawo wasu masu saye da ba za a samu ba in babu ita, wato ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi waɗanda sai da bashin banki suke iya saye, tun ba yanzu da ake da bankin gidaje na ƙasa da aka buɗe a 2018 ba.

Gidajen da ke gefen gari, waɗanda jiya-jiya gonaki ne, labarinsu daban. Da yawa ba su da komi sai takardar shaidar mallaka ta gargajiya daga maigari ko sarki. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, kuma takardunsu suna da ƙima a gaban shari'a. Sai dai gari yana cin gona kullum, kuma ginin da aka yi kafin lotisma yana iya faɗawa kan hanya ko filin lakwal ranar da masu awo suka zo. Mai saye mai wayo ya san haka, kuma zai je ya tambaya. Gara mai gida ya riga shi zuwa, ya ga taswira da idonsa, ya san abin da yake sayarwa.

Aikin farko ke nan: mutum ya ɗauki takardarsa ya je ma'aikatar magajin gari ko ofishin kadastir, ya tabbatar sunan da ke hannunsa shi ne ke cikin littafinsu, in ba shi ba ne a juya tun yanzu. Ya duba turakun iyaka ko suna nan, domin akwai katangu da yawa da suka ci rabin mita daga hanya ko daga filin maƙwabci ba tare da mai gida na yanzu ya sani ba. In akwai harajin gida da ya taru, a biya a riƙe rasit. Sa'an nan a yi kwafin takardun, kwafin nan ne za a ba dillali. Takardar asali ba ta barin hannun mai ita sai ranar da kuɗi suka shigo.

In gidan gado ne, zaman iyali shi ne farko, maza da mata, na kusa da na nesa. Matar marigayi tana da tumuninta in akwai ƴaƴa, ƴaƴa mata suna da rabonsu, marayu ƙanana suna da wanda shari'a ta ɗora wa kula da haƙƙinsu. A rubuta zaman, a naɗa wakili guda da zai yi magana da yawun kowa, a kai wa alƙali ya tabbatar. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun kuma yi bayani kan haƙƙin shufa'a, wato in wani ya sayar da rabonsa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa ya fi bare cancantar ya karɓe shi a kan kuɗin da aka saya. Maƙwabci ba ya da wannan haƙƙi a mazhabarmu, amma ladabi ne a fara gaya masa, kuma sau da yawa shi ne ma mai sayen da ya fi kowa buƙata, domin yana son faɗaɗa gidansa.

Inda ruwa ke bi

Bayan takarda sai ruwa. Mutanen Maraɗi ba su buƙatar dogon bayani a nan, domin garin da suke ciki yau ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da shi daga fadama aka hau da shi tudu. A 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin Yamai irin su Saga da Lamorde da Kirkisoye. Damanar 2024 kuwa ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a farkon watan Satumba na wannan shekara ne tsohon masallacin unguwar Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Tun daga nan, wanda ya zo ganin gida ƙasa yake fara kallo kafin ya ɗaga kai.

Yana duba gindin katanga ko akwai layin da ruwa ya bari. Yana auna tsakar gida da idonsa ya ga ko ta fi titi tudu ko titi ya fi ta, domin a tsofaffin unguwanni hanya tana ta tashi da yashi da shara shekara da shekaru, gidaje suna komawa rami. In ya fita kuma ba gida zai koma ba, wajen mai shayin bakin layi zai zauna, ko ya tsaya sallar La'asar a masallacin unguwa, ya tambaya yadda layin ke kasancewa in an yi ruwan dare. Abin da mai shayi zai faɗa babu fentin da zai iya gogewa.

Don haka kuɗin gyara, in kaɗan ne, a nan ya kamata su fara tafiya. A yashe magudanar da ke fitar da ruwa daga tsakar gida, a cike kwarin da ruwa ke kwanciya, a ɗaga dokin ƙofa in yana buƙata. In rufin ƙasa ne, a hau a duba indararo ko ya toshe ko ya karye, domin indararon da ke zuba ruwa a jikin bango shi ne ke kayar da ɗaki, a yi yaɓe, a ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya a ji wadda gara ta cinye. In kwano ne, a duba ƙusoshin da suka yi tsatsa da inda iska ta ɗaga. In dal ne, a nemi inda ya tsage. Akwai masu canza silin da ruwa ya ɓata su bar ramin da ke saman kwano yadda yake. Wannan yaudara ce, kuma ba ta daɗewa, ruwan farko ke tona ta.

Tsagewar bango ma iri-iri ce. Akwai siririya wadda ba ta wuce shafe ba, wannan cikowa kawai take so. Akwai kuma wadda ta taso daga tushe ta bi kusurwar taga a karkace, har ana iya zura yatsa, wannan alama ce ƙasa na motsi ko tushe ya sha ruwa, kuma sai an kira magini na gaske ya gani. Gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na 2024 bayan ɓarnar da ruwa ya yi, amma ko da siminti ya yi sauƙi ba ko'ina ake sa shi ba. Mutane da yawa in za su sayar da gidan ƙasa sai su lulluɓe shi da siminti don ya yi kama da ginin zamani. Siminti da laka ba su daɗe tare. Bayan damana ɗaya ko biyu shafen yana rabuwa da bango, ruwa ya shiga tsakaninsu ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali daga waje lafiya lau ake gani. Mai saye da ya san gini ƙwanƙwasawa yake yi, in ya ji ƙarar ganga ya gane. Kakanninmu da makuba suke shafe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, kuma har yanzu akwai maginan gargajiya da suka iya. Gidajen Birni da Zango na Damagaram masu zanen ado a fuska kuwa, ni a ganina asara ce babba a kankare zanen don a burge mai saye. Wanda ke neman gida a waɗannan unguwanni ya san abin da ya kawo shi.

Lokacin fitar da gida kasuwa ma yana da nasa tasiri. Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kuɗi suna hannun ƴan kasuwa da manoma, gida kuma ya riga ya nuna halinsa. Mai gidan da ya amince da gininsa yana iya yin abin da ya fi haka, wato ya gayyaci mai saye ya zo washegarin ruwa mai yawa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Daga ƙofar gida zuwa bayan gida

Sai yanzu muka zo kan abin da ido ke gani. Mai saye yana fara yanke hukunci tun bai sauka daga babur ba. In ƙofar gida bola ce, ruwan wanke-wanke yana malala kan hanya, ƙyaure yana rataye da hinji ɗaya, to ya riga ya rage wani abu a zuciyarsa kafin ya yi sallama. Sharar ƙofar gida da ɗebe bola ba su cin kuɗi, yini guda ne da yara biyu da amalanke.

Cikin gida kuwa babban abokin gaba shi ne tarkace. Kowane gida yana da kusurwar da ake jibge abin da ba a so a yar: tsohon babur da ya shekara biyar bai tashi ba, katifar da ta mutu, tukwanen biki, ragowar bulo, gwangwanaye. Mai gida ya saba da su har ba ya ganinsu, amma baƙo yana ganin gida ya ƙanƙance. A sayar wa ƴan gwangwan abin da za su saya, a kyautar da na kyautarwa, sauran a kai wani wuri. Ɗakin da ya cika da kwalla da kabad har ba a ganin bango yana sa mai saye zargin ana ɓoye wani abu a bayansu. Dabbobi kuma, tumaki da awaki da kaji, a kai su gidan ɗan'uwa tun mako guda ko biyu kafin a fara zuwa gani, a kankare turken a zuba sabon yashi, domin wari ba ya fita a yini ɗaya.

Itace kuwa kada a sare. Na sha ganin mai gida ya kira masu gatari sun kayar da dogon yaro mai shekara ashirin wai don tsakar gida ta yi fili. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, inuwa dukiya ce, kuma ita kaɗai ce cikin kayan gida ba a iya sayowa a kasuwa a girka. A rage rassan da ke gugar rufi, a duba saiwa in ta kusanci bango ko ramin masai, shi ke nan.

Abin da masu sayarwa suka fi mantawa shi ne, sau da yawa ba wanda ya taya ba ne ke yanke hukunci na ƙarshe. Alhaji zai zo da abokinsa su duba zaure da falo da wurin ajiye mota, su yi maganar kuɗi. Bayan kwana biyu zai turo uwargida, ko mahaifiyarsa, ko ƙanwarsa. Su kuwa madafa za su nufa, su ga inda hayaƙi ke fita, su duba wurin shanya da wurin wanke-wanke, su ɗaga kai su ga ko benen maƙwabci yana leƙen tsakar gida, sa'an nan su shiga bayan gida. Gidaje da yawa a nan cinikinsu ke mutuwa, kuma ba wanda zai gaya wa mai gida dalili, sai dai ya ji an ce za a yi shawara. In masai ya cika a kira motar yasa, a gyara murfinsa, a sa ƙyaure mai sakata a makewayi, a wanke da magani. Wannan ɗan aikin ya fi sabon fentin falo tasiri.

Fenti kansa, in za a yi, a yi fari ko mai haske, ko farar ƙasa kawai. Launin da mai gida ke so ba lalle ne mai saye ya so shi ba. Haka nan babu dalilin shimfiɗa tayil mai tsada ko sake fasalin ɗakuna, domin da wuya kuɗin su dawo cikin farashi, kuma sabon mai gida yana iya fasa su duka ya yi nasa. Ƙananan abubuwa ne suka fi cancantar kulawa: famfo mai ɗiga, makullin da ba ya juyawa, tagar da ba ta rufuwa, wayar lantarki da ke rataye tsirara. Kowane ɗaya ba komi ba ne, amma in suka taru sai mai saye ya ce a ransa, wanda bai gyara famfo ba ina zai gyara rufi? Hausawa dai sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar ruwan sha da wuta kuwa takarda ce ita ma. A Damagaram, inda ƙarancin ruwa ya daɗe yana damun jama'a, tambayar ko famfo na kawowa, da ƙarfe nawa yake kawowa, tana iya ɗaga farashi ko ta sauke shi, kuma gida mai tanki ko wurin tara ruwa ya fi daraja. A biya bashin NIGELEC, a biya na kamfanin ruwa, wanda tun farkon 2024 ya koma hannun NDE a madadin SEEN, a ajiye rasit na watannin baya don a nuna. Tun matsalar wuta ta 2023 gidaje da yawa sun sa faranti mai aiki da hasken rana, to a faɗa tun farko ko yana cikin ciniki ko za a tafi da shi. Haka tanki, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki. An sha yin faɗa bayan ciniki saboda sabon mai gida ya zo ya tarar an kwance komi har da kwan fitila.

In akwai ƴan haya a ciki, su ya kamata su fara ji daga bakin mai gida, a ba su wa'adi na mutunci. Ɗan hayar da ya ji labari a bakin dillali shi ne zai ja mai saye gefe ya lissafa masa duk inda ke yoyo, har da inda ba ya yi. A kuma tsayar da lokacin zuwa gani, kada a riƙa kutsa wa iyali da baƙi maza ba sanarwa.

Dillali da farashi

Dillali na gari rabin ciniki ne, amma dillalai goma a kan gida ɗaya masifa ce. Kowa zai ɗora nasa, sai mai saye ya ji farashi uku daban-daban a kan gida guda cikin mako ɗaya, daga nan ya fara zargin akwai lauje cikin naɗi. A zaɓi ɗaya ko biyu da aka sani da gaskiya a unguwa, a tsayar da la'ada tun farko, kashi nawa cikin ɗari, wa zai biya, kuma a gaban shaida. A kuma sharɗanta cewa mai gida zai gana da mai saye ido da ido kafin a sallama, don kowa ya ji adadin daga bakin ɗan'uwansa.

Wajen sa kuɗi, abin tambaya shi ne nawa aka sayar da gidaje irinsa a unguwar kwanan nan, ba nawa masu su suka nema ba, domin tsakanin nema da samu akwai tafiya. Mai gida yakan lissafa wahalar da ya sha, da shekarun da ya yi yana tara bulo, da ɗakin da aka haifi ɗansa na fari. Mai saye ba ya biyan wannan. Yana biyan faɗin fili, da kusanci da gudron ko kasuwa ko lakwal, da ƙarfin gini, da takarda. A bar ɗan wurin ciniki, tunda dole a taya a ce albarka sau biyu ko uku kafin a daidaita, amma gidan da aka sa wa kuɗin da ya wuce hankali yakan daɗe a kasuwa har mutane su fara cewa ai gidan nan yana da wani abu.

Yanzu da yawa daga masu saye ba su ma cikin gari. Ƴan kasuwarmu da ke Lome da Kwatano da Abijan da Kano ta WhatsApp suke fara ganin gida. A ɗauki hoto da safe lokacin da haske ke da kyau, bayan an yi shara, a buɗe tagogi, a nuna ƙofar gida da layin da take, kada kuma a sa iyali cikin hoton. Hoton da ya fi gidan kyau ɓata lokaci ne, domin a ƙarshe ƙanensa zai turo ya duba.

Saura magana ɗaya da ta fi sauran nauyi, wato aibin da ba a iya gyarawa ba. Wataƙila ɗakin baya yana jiƙewa duk damana, ko akwai tsohuwar rijiya da aka cike a ƙarƙashin wani ɗaki, ko ana jayayya da maƙwabci kan katanga. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu ya hana ɓoye aibi a ciniki, ya kuma ba wanda ya gano aibi bayan saye damar mayar da abin ya karɓi kuɗinsa. Haka nan an hana kawo mai taya na ƙarya don a zuga farashi, abin da wasu dillalai suka mayar da shi dabara. Dokar ƙasa ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ke ɓoye. To ko ta fuskar kasuwa aka duba, faɗar gaskiya ta fi riba. Wanda aka nuna wa ɗakin da ke jiƙewa zai nemi ragi gwargwadon kuɗin gyara, a wuce wurin, tunda kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya gano da kansa kuwa ba zai ƙara yarda da komi ba, har takardar da ke da kyau sai ya yi shakkarta.

Ranar da aka daidaita, a yi ciniki a rubuce, a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da irin waɗannan takardu, ko kuma a hukumar da ta dace da irin takardar gidan, da shaidu masu shekarun da ake fatan za a same su nan gaba, ba tsofaffi kaɗai ba. Kuɗi su bi ta banki in da hali, maimakon a ƙirga miliyoyi cikin zaure dare ya yi. A rubuta ranar da za a ba da makulli, a fara juya suna a takardar fili da kwantar wuta da ta ruwa ba tare da jinkiri ba, kada a bar wa ƴaƴan mai saye irin abin da aka bar wa ƴaƴan kawuna. Sa'an nan tsohon mai gida ya ɗauki sabon ya kai shi wajen mai unguwa da liman da maƙwabta na dama da hagu ya gabatar da shi. Kafin ya bar layin kuma ya sa a goge rubutun nan da lambar salularsa daga jikin katanga, in ba haka ba zai shekara ana kiransa ana taya gidan da ba nasa ba.